Hajiya za ta zo Atlanta, ina zan kai ta cin abinci?

Wani ƙaninmu da ke tuƙin Uber a Atlanta ta ƙasar Amurka ya rubuto min, wai Hajiyarsa ta samu biza za ta zo ta yi wata biyu, yana so ya fita da ita ta ɗanɗana abincin 'yan garin wanda suke ce ma soul food, amma tsoron naman alade ya hana shi sakat.

Toh ƙanina Allah ya kawo Hajiya lafiya. Dan Allah ka kai ta, kar wata biyun nan ya ƙare tana zaune a falo ita kaɗai kai kana kan titi. Kuma abincin nan ba baƙonta bane, kuɓewa ce da wake da masara da dankalin Hausa da ganye, ita kuɓewar da waken ma ai daga Afirka suka tsallaka tun zamanin cinikin bayi.

In wurin zama kake so, Mary Mac's Tea Room a titin Ponce de Leon, tun 1945 suke nan, akwai fili sosai dattijuwa za ta sake. Sai Paschal's da wasu 'yan'uwa biyu James da Robert suka buɗe a 1947, a teburansu Martin Luther King da mutanensa suka riƙa zama suna tsara gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, yanzu gidan abincin ya koma Northside Drive. Busy Bee Cafe shi ma 1947 ne, wata mata Lucy Jackson ta kafa shi, soyayyar kazarsu ta yi suna amma wurin ɗan ƙarami ne ga layi, gara ku yi oda ku tafi da shi gida.

Yanzu maganar alade, gaskiya tsoronka yana kan hanya domin ba a faranti zaka gan shi kwance ba, cikin tukunya yake ɓuya. Ganyen collard ɗin nan mai kama da miyar ganye, da wake, yawanci da ƙafar alade mai hayaƙi ake dafa su, romon ganyen ma da suke kira pot likker haka, har burodin masara wani lokacin da kitsensa ake yi. Wasu sun koma sa talo-talo, shi yasa kowane kwano sai ka tambaya tun kafin a kawo, ba abin kunya bane wallahi sun saba da tambayar. Kaza kuma kar ka ɗauka yankan musulmi ce, in Hajiya bata ci sai ku nemi tarwaɗa wadda ake turmusawa a garin masara a soya, ka tambayi man da aka yi suyar, a haɗa mata da shinkafa da dankali.

Shayinsu mai ƙanƙara suga ne zalla, in tana da ciwon suga kace a kawo ruwa. Ka ware ihsanin mai kawo abinci kamar kashi 20 cikin ɗari na kuɗin abincin, da shi suke rayuwa. Sannan kace Hajiya ta ƙullo yajinta a jaka tun daga gida, za ta neme shi a kan kifin nan.