Wanda bai yi karatun injiniya ba zai iya koyon haɗa sola?

Malam, ka tambaya ko matasan Garwa marasa karatun injiniya za su iya koyon haɗa sola. Ƙwarai kuwa, amma ka fara musu da lissafi. Ƙwan fitila 4 masu wat 10, awa 5, suna cin wat-awa 200. Batirin volt 12 mai amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1200, sai dai mai ruwan asid rabinsa kawai ake ja, in ba haka ba ya mutu da wuri.

Wajen haɗawa ake yawan ɓarna. Daidai shi ne a haɗa batir da kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir) tukuna, sannan faifan sola, domin daga batir kwantirola take gane volt 12 ne ko 24. Faifan ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 10. Lokacin hunturu a riƙa wanke masa ƙura da sassafe.