Fatawa: Mahaifiyarmu ta gaji da kemo, ko za mu iya neman wani likitan?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ce babbar 'ya mace a ɗakinmu, muna zaune a Gwale. Mahaifiyarmu tana fama da ciwon dajin nono, likita ya ce ya kai mataki na huɗu, ya taɓa ƙashin bayanta da hanta. Sau biyu ana ɗaura mata ruwan kemo. Gashinta ya zube, ko ƙamshin girki ta ji sai amai. Yanzu ta ce a ƙyale ta haka, ta gaji. Kawunmu ya ce tun farko aka yi kuskure, daji ba ya son ƙarfe, a mayar da ita wajen mai maganin gargajiya. Yayanmu kuma so yake ya sayar da filin da Baba ya bar mana ya kai ta Masar. Ni na ce a nuna wa wani likitan takardunta tukuna, sai aka ce wannan raina likitan farko ne, kuma rashin tawakkali ne. Malam, idan ta bar kemo ta yi laifi? Neman likita na biyu ya halatta? Har yau kuma ba mu gaya mata inda ciwon ya kai ba.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. 'Yata, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce, ya ba ku ladan jinya.

Neman likita na biyu halal ne, kuma a halin da kuke ciki abin so ne. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa daga Zaidu ɗan Aslam cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi (SAW), jini ya taru a raunin, sai ya kira mutum biyu daga Banu Anmar suka duba shi. Annabi ya tambaye su: "Wanne ne a cikinku ya fi sanin magani?" Suka ce: "Ya Manzon Allah, ashe akwai alheri a magani?" Ya ce: "Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani." Masu magani biyu a kan majinyaci ɗaya, Annabi bai ce an raina ɗayansu ba, shi da kansa ya nemi a tantance wanda ya fi ƙwarewa. Daga nan malamai suka ɗauko cewa a kowane fanni ana neman wanda ya fi iyawa. Tawakkali kuwa aikin zuciya ne, ba ya hana ƙafa tafiya. Da Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da mutane daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, cewa ya yi: "Muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah."

Sharaɗi biyu nake gindaya muku. Na farko, likita na biyun nan ya zama likitan daji ne na gaske, domin Allah ya ce a tambayi ma'abota sani, ba duk mai farar riga ko mai shagon magani ba. Sannan kada neman ya zama yawo, yau Zariya, wata mai zuwa Abuja, bayan salla a jira biza, alhali ciwon bai tsaya jiran kowa ba. Ku yanka wa kanku 'yan kwanaki. Ba dole sai an wahalar da Hajiya a mota tun farko ba. Takardu ne ke fara tafiya: sakamakon gwajin ɗan naman da aka cira, hotunan da aka ɗauka, sunayen magungunan da aka ɗaura mata da ranakunsu. Shi kansa ɗan naman, ɗakin gwaji yana adana shi a cikin kaki, ana iya neman a sake duba shi. Ku gaya wa likitan farko kai tsaye, cikin ladabi, ku roƙi ya rubuta muku taƙaitaccen bayani. Likitoci sun saba da wannan, su ma junansu suke tuntuɓa. Akwai likitocin daji a Asibitin Malam Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Shika, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

Abin da ya sa nake ƙarfafa ki a kan wannan shi ne, a gidanku an mayar da maganar gida biyu, ko kemo ko barin asibiti, alhali tsakaninsu akwai fili mai faɗi. Dajin nono ba iri ɗaya ba ne. Ki duba takardar gwajin, za ki ga an rubuta ER da PR da HER2, alamomi uku ne da ake dubawa a jikin ciwon don a san irinsa. Idan ER ya nuna akwai, ciwon da sinadarin jikin mace yake girma, kuma sau da yawa ana riƙe irinsa da ƙwayar sha kullum, kamar tamoxifen ko letrozole, ba tare da ƙarin ruwa ba, sai fa idan ciwon yana gudu har yana barazana ga hanta ko huhu. Idan HER2 ne ya nuna, akwai trastuzumab da aka yi dominsa, mai tsada ne amma yana aiki. Idan duka ukun babu, a nan ne kemo ke zama ginshiƙi. Idan kuma ba a taɓa yin wannan gwajin ba, to tambayarku ta farko ke nan.

Shi ma kemon kala-kala ne. Akwai jan ruwan nan, doxorubicin, da aka saba haɗawa da cyclophosphamide duk sati uku, mai zubar da gashi da tayar da zuciya. Akwai paclitaxel da ake iya rarrabawa kaɗan-kaɗan duk sati. Akwai capecitabine, ƙwaya ce da ake sha a gida kwana 14 a huta kwana 7, ba kasafai take zubar da gashi ba, ko da yake tana sa tafin hannu da na ƙafa ja da zafi. A mataki na huɗu likitoci sukan fi son magani ɗaya bayan ɗaya maimakon haɗa da yawa, suna iya rage yawansa, suna iya sauya maganin amai. Ciwon ƙashin bayan ma yana da nasa: allurar ƙarfafa ƙashi, da gasa daidai wurin da hasken na'ura. Zaɓen wanda ya dace aikin likita ne. Nawa shi ne in ce miki wadda ta ce ta gaji, wataƙila da magani guda ta gaji, ba da neman lafiya ba.

Yanzu hukuncin barin kemo. Asalin magani shar'antacce ne, saboda faɗin Annabi (SAW) a hadisin Usama ɗan Sharik: "Ku yi magani bayin Allah, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, ban da guda ɗaya, tsufa." Amma hukuncinsa yana sauyawa da hali. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta rarrabe shi: wajibi ne idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa ko nakasa, ko cutar mai yaɗuwa ce, mustahabbi ne idan barinsa raunana jiki kawai zai yi, makaruhi ne idan ana tsoron illarsa ta fi cutar, abin da ya rage halal ne. Saboda haka ku yi wa likita tambaya ɗaya ƙarara: wannan maganin don warkarwa ne, ko don riƙe ciwon da sassauta shi?

Macen da aka gano nata da wuri, ko ma ya girma amma bai wuce nono da hammata ba, likitoci suna rinjayar da zaton kemo da tiyata za su tserar da ita, wannan ina ganin magani wajibi ne a kanta, kuma wanda ya hana ta yana da alhaki. Amma wanda ya bazu zuwa ƙashi da hanta, galibi manufar ita ce a danne shi, a rage raɗaɗi, a sami ƙarin lokaci cikin ƙarfi, kuma akwai matan da ke yin shekaru a haka da ikon Allah. A irin wannan, ci gaba da magani shi ne abin da na fi so mata muddin yana amfani kuma jikinta na ɗauka. Idan kuwa ta ji bayani cikakke, an gwada sassauta mata, ta ga wahalar ta rinjayi amfanin, ta zaɓi tsayawa, babu zunubi a kanta, kuma ba kashe kai ba ne. Matar nan mai farfaɗiya da Ibn Abbas ya nuna wa almajirinsa Aɗa'u, Annabi ya ba ta zaɓi tsakanin ya roƙa mata waraka da ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ta zaɓi haƙuri, bai zarge ta ba.

Ko ta tsayar da kemo, kulawa ba ta tsayawa. Maganin raɗaɗi, har morfin idan likita ya rubuta, halal ne saboda lalura, kada wani ya ce kayan maye ne a bar ta tana juyi a shimfiɗa. Wankin gyambo, abinci, ruwa, duk haƙƙinta ne. Idan kuma ta ci gaba da kemo, ku ajiye ma'aunin zafin jiki a ɗakinta. Sati ɗaya zuwa biyu bayan ƙarin ruwa garkuwar jiki kan faɗi, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin a wannan lokaci na asibiti ne a daren, ba na farasitamol da jiran gari ya waye ba.

Duk wannan ya rataya ne a kan abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, kuma shi ya fi damuna. Kun ɓoye mata. Kawu yana da ra'ayi, Yaya yana da ra'ayi, ke ma kina da naki, mai jikin kaɗai ce ba ta san abin da ake tattaunawa a tsakar gida ba. Hajiya baliga ce mai hankali, jikinta amanar Allah ce a hannunta, ba a hannun ɗa ko ɗan'uwa ba, kuma waccan majalisar ta sharɗanta izinin majinyaci matuƙar hankalinsa cikakke ne. Nana A'isha ta ba da labarin cewa sun ɗura wa Annabi (SAW) magani ta gefen baki a jinyarsa ta ƙarshe, yana yi musu nuni da su bari, suka ce ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo ya ce: "Ban hana ku ba?" Ya sa aka ɗura wa duk wanda ke ɗakin, ban da Abbas da bai halarta ba. To ba a tilasta mata, ba a kuma yaudararta. "A ƙyale ni" da ta faɗa ba tare da ta san me ake yaƙa ba, bai zama zaɓi ba tukuna.

Na taɓa zuwa duba wata dattijuwa a cikin danginmu, 'ya'yanta sun ja mini kunne tun daga zaure cewa kada in ambaci sunan ciwon. Da ɗakin ya rage daga ni sai ita, ta gyara kallabinta a kan da ba sauran gashi, ta ce: "Malam, na sani. Ina yin kamar ban sani ba ne don kada yaran nan su karaya." Sannan ta zaro wata 'yar takarda daga ƙarƙashin matashi, kuɗin adashin mutane ne da ke hannunta, tana neman wanda za ta damƙa wa. Wata nawa ta yi tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Ki zaɓi lokacin da Hajiya ta sami sauƙi, ki tambaye ta me ta fahimta, me take son sani, ki bi ta a hankali gwargwadon abin da ta nema. Kada ki yi mata ƙarya, kada kuma ki ƙirga mata kwanaki, domin ajali ba a takardar asibiti yake ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta a Makka har ya yi zaton tafiya ce, ya tambayi Annabi game da wasiyya, sai ga shi ya rayu shekaru masu yawa bayan haka.

Kawu kuwa, a girmama shi, amma ba a bin maganarsa a nan. "Daji ba ya son ƙarfe" ba aya ba ce, ba hadisi ba ce. Annabi ya yi ƙaho, kuma da aska ake tsaga ƙaho. Ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'ab mai magani ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas. Abin da ke faruwa shi ne, mace takan yi wata da watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ciwon ya gama bazuwa a kawo ta asibiti, in ta rasu a ce allura ce. Wanda ke karɓar kuɗin mutane yana alkawarin warkar da daji ba da sani ba, ya ji faɗin Annabi: wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da lamuni. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata, ku yawaita, ba sa karo da asibiti. Amma duk abin da za ta haɗiya, a nuna wa likita, domin hantarta ta riga ta taɓu.

Yayanku niyyarsa kyakkyawa ce, Allah ya saka masa. Sai dai filin gado na magada ne duka. Baligi yana iya ba da rabonsa don jinyar uwa, kuma ya sami lada babba, amma ba a sayar da rabon wani ba da yardarsa ba, idan kuma akwai ƙananan marayu a ciki, nasu ba a taɓa shi haka kawai. Kafin a kira dillali, a tura takardun can a ji: me za su yi mata wanda ba a yi a nan? Idan amsar ita ce magungunan nan dai, kuɗin jirgi da masauki gara su tafi a maganin, tana kwance a ɗakinta jikokinta na shiga da fita. Idan hannunku ya gaza, zakka ta halatta gare ta, 'yan'uwa da maƙwabta su ba ta, kada ku ji nauyin faɗa.

Allah Ubangijin mutane, ka tafiyar da cuta, ka ba Hajiya waraka wadda ba ta barin ciwo. Ki gaishe ta, ki ce Malam yana sa ta a addu'a. Allah ne Mafi sani.