Amsa ga 'yar'uwar da babanta ke zazzaɓi bayan bugun zuciya

Salamu alaikum 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce kwana uku da samun bugun zuciya sai ga zazzaɓi, gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin jini da CRP (wani sinadari da ke ƙaruwa a jini in akwai kumburi a jiki) sun hau amma likita ya ƙi ba da antibayotik, ko sakaci ne? Ni dai ba likita ba ne, amma abin nan a jikina ya faru, matata har sai da ta ɗaga murya a asibiti kan wannan maganar.

Yadda likitana ya fahimtar da ni, in jijiya ta toshe wani yanki na naman zuciya ya mutu, garkuwar jiki ba ta tsayawa tambayar ƙwayar cuta ce ko a'a, ita dai ta ji ɓarna sai ta taso. Cikin 'yan awoyi wasu fararen ƙwayoyi da ake ce wa niyutrofil sun cika wurin, daga kwana na 3 zuwa na 7 wasu fararen ƙwayoyin da ake ce wa makrofaj su karɓa suna kwashe mataccen naman, sannan tabo ya fara haɗuwa, shi kuma sai ya ci sati 6 zuwa 8. To wannan aikin ne ke kawo ɗan zazzaɓin, CRP ɗin ma a kwana na 2 zuwa na 3 ya fi hawa, daidai inda Baba yake ke nan. Amma in jikin ya yi zafi rau, ko akwai tari, ko fitsari na masa zafi, ko inda aka sa masa ƙarin ruwa ya kumbura, ki sake yi musu magana.

Ni inda na ji jiki sati uku ne bayan sallama, ciwon ƙirji ya dawo, wallahi na ɗauka wani bugun ne, in na kwanta rigingine ko na ja numfashi kamar ana soka min wuƙa, in na zauna na ranƙwafa gaba sai ya lafa. Ashe 'yar fatar da ta lulluɓe zuciya ce ta kumbura, ciwon Dressler suke ce masa, sunan likitan da ya bayyana shi a Amurka a 1956. Ga wautata, kafin in koma asibiti sai da na sha diclofenac kwana biyu, likita ya yi min tatas, ya ce shi da ibuprofen suna iya hana tabon haɗuwa da kyau. Asfirin mai yawa da kolcisin ya ɗora ni a kai.

Kolcisin ɗin nan tsohon maganin ciwon gaɓoɓi ne fa. A 2019 binciken COLCOT ya gwada 0.5mg kullum a kan mutum sama da 4,700 da suka samu bugun zuciya, sababbin matsalolin zuciya da na jijiyoyin jini suka ragu da kashi 23 cikin ɗari, sai dai wani babban bincike a 2024 bai ga wannan amfanin ba. Don Allah kar ki sayo masa da kanki, in ƙodarsa ba ta da ƙarfi ko aka haɗa shi da antibayotik ɗin da ake ce wa clarithromycin guba yake komawa. In an zo sallama ki tambaye su wane maganin ciwo zai sha a gida, su rubuta miki.