Ko laifi ne in rage hidima domin in huta?

'Yar'uwa, kin ce tsakanin rumfarki a babbar kasuwar Maradi, girkin gida da taron zumuntar mata, addu'arki ta koma gyangyaɗi, kuma kina tsoron rage hidimar majami'a zai zama laifi. A ganina ba laifi ba ne. A Markus 6:31, da jama'a suka yi ta kaiwa da komowa har manzanni suka rasa sukunin cin abinci, Yesu da kansa ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta, alhali kuwa aikin Allah ne ya gajiyar da su.

Ki je wurin fasto ki roƙi a sauke miki nauyi ɗaya, ko na wata uku ne. Ranar Lahadi kuma, bayan sujada, ki bar rumfar a rufe.