Me ya sa gyaɗata ta yi ganye, amma kwanson fanko?

Wani manomi daga yankin Dawakin Kudu ya aiko da tambaya: gyaɗarsa ta yi kyau a ido, fure ba laifi, amma da ya tona, kwanso da yawa ba ƙwaya a ciki.

Malam, matsalar takan faro tun ƙwayar ba ta kai girman da ido zai gani ba. Da zarar fure ya ɗauki barbara, ƙwayar halitta ta farko takan rabu biyu, ƙarama a sama, babba a ƙasa. Daga wannan rabuwar ake fara tsara ina ne kan tsiro, ina ne wajen saiwa, kuma wani sinadari da ake kira oksin ne ke jan ragamar tsarin. Ka ɓare gyaɗa ka duba: tsakanin ɓari biyun akwai ɗan ƙaramin abu, tsininsa saiwa ce, samansa 'yan ganye ne a naɗe. Shuka ce sukutum tana jiran ruwa.

To gyaɗa tana da hali nata. Bayan 'yan rabe-rabe kaɗan sai ɗan tayin ya tsaya cak. Ba ya ci gaba sai tsinken nan da ke fitowa daga gindin fure ya nutse cikin ƙasa ya samu duhu da laima. In ƙasa ta bushe ta yi tauri, tsinken ya ƙare a sama. In kuma ya shiga, kwanson da kansa yake tsotsar kalsiyam, wani sinadari da ƙwaya ke buƙata don ta cika, daga ƙasar da ke kewaye da shi. Abin da saiwa ta ɗauko ba ya isa gare shi sosai. Shi ya sa in kalsiyam ya yi ƙaranci a ƙasar, ganye zai yi shar, ƙwaya kuwa ta mutu a ciki. A jigawa aka fi ganin haka.

Shawarata, ka sa takin sufa lokacin shuka, yana ɗauke da kalsiyam. In ka samu jifsam, wata farar hoda mai kalsiyam, ka barbaɗa a kan kunya da fara fure, wajen kwana 30 zuwa 40 bayan shuka. Ka gama noma da fartanya kafin tsinkayen su sauka, daga nan ciyawa sai da hannu. Na fi damuwa da wannan, don manoma da yawa da kansu suke tsinke amfaninsu da fartanya.

Gyaɗar iri kuma a ɓare ta da hannu dab da shuka. Tsinin saiwar a bakin ƙwaya yake, inji na iya fasa shi.