Waken SAMPEA 20-T: wai da gaske ba ya buƙatar feshi?

Malam, ka tambaya ko waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta fitar a 2019 ba a yi masa feshi sam. A'a, ana yi, sai dai sau biyu maimakon sau shida zuwa takwas.

Kariyar da aka sa a cikin irin tsutsar Maruka kawai take kashewa, wadda ke huda fure da kwanso. Sauran ƙwarin da ke tsotse fure da kwanso ba ruwansu. Don haka ka fesa lokacin da ya fara fure, ka sake idan kwanso ya fito. Wanda ya bar feshin nan zai ga fure na zuba ƙasa, ya ɗora wa iri laifi.

Inda batun lafiyar mai cin waken ya fi shigowa shi ne ajiya. Ƙwarin rumbu na cinsa kamar kowane wake. Kada ka yayyafa masa maganin ƙwari na ruwa. Ragowar irin wannan magani a jikin wake ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. Ka busar da shi sosai, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban.