Shin jiki na haɗa nasa maganin zuciya?

Tambaya: Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Mun yi wa wani bakwaini gwajin digoksin, wani maganin zuciya, sai aka ga alamarsa a jini, alhali ba a taɓa ba shi ba, mahaifiyarsa ma ba ta sha ba. An ce mini jiki da kansa yake haɗa irinsa. Ya ake tabbatar da haka?

Amsa: Malama, injinku lafiyarsa ƙalau. Tun shekarun 1980 likitoci suka lura da haka a jarirai, da masu juna biyu, da masu ciwon ƙoda ko hanta. Gwajin da kuke yi yana amfani da ƙwayoyin garkuwar jiki ne, su kuma siffa suke ganewa, duk abin da ya yi kama da digoksin sai su cafke shi.

To mene ne suke cafkewa? A 1991 John Hamlyn da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland ta Amurka suka tace ruwan jinin mutane mai ɗimbin yawa, suka ce sun samo sinadarin da ba shi da maraba da wabayin. Wabayin ɗin nan daga tsirrai aka san shi, dangin kwankwanin da maharba ke dafa dafin kibiya da shi. Shi da digoksin aikinsu ɗaya: suna danne famfon da ke fitar da sodiyam daga ƙwayoyin tsokar zuciya, kalsiyam ya taru, bugun ya ƙara ƙarfi. In ya yi yawa zuciya ta rikice.

Na'urar da ake dogara da ita wajen raba gardama ita ce mai auna nauyin ƙwayar sinadari. Ana raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, a cire furotin, a ɗiga sanannen adadi na wabayin da aka ƙara wa nauyi da gangan, domin a san abin da ya salwanta a hanya. Sai a tura ruwan ta wani siririn bututu, inda kowane sinadari ke da lokacin fitowarsa. Daga nan a fesa shi, a ɗora masa cajin lantarki, na'ura ta zaɓi mai nauyin da ake nema. Na wabayin kusan 584 ne. Sai ta farfasa shi, ta auna gutsattsarin. Idan ɓangaren sukarinsa ya ɓalle, nauyi zai ragu da 146. Sai lokaci da nauyi da gutsattsari sun dace kafin a ce shi ne.

Duk da haka magana ba ta mutu ba. A 2014 masu bincike a Munich ta Jamus suka yi amfani da irin wannan na'ura mai matuƙar kaifi, ba su ga wabayin a jinin mutane ba. Ɓangaren Hamlyn ba su yarda da wannan sakamako ba. Akwai kuma masu bin sawun marinobufagenin, wanda aka fara sani a fatar kwaɗo, suna danganta shi da hawan jinin masu ciki. A ganina, lallai akwai wani abu a jinin, amma har yau masana ba su haɗu a kan sunansa ba.

Game da jaririnku, ku sanar da likita cewa sakamakon na iya zama na kamanni ne kawai. Idan za a fara ba shi digoksin, gara a ɗebi jini tun kafin a fara, a kuma riƙa duba bugun zuciyarsa da yawan fotasiyam ɗinsa.